Littafin Asabar na Gwaggo Sista

Ranar Talata da hantsi aka bugo wa Umma waya daga gida aka ce Gwaggo Sista ta rasu. Umma ta yi salati, ta zauna a kan buhun shinkafa, ta ce, "Ta huta, baiwar Allah." Ni kuwa na shige banɗaki na yi kuka har ruwan hawaye ya fara fita ta ƙarƙashin ƙofa. To, wannan ƙari ne. Tawul ɗaya na jiƙa. Marigayiyar da kanta ta kafa doka cewa duk abin da na faɗa a raba shi da goma, saboda haka mai karatu ya riƙe wannan lissafin a kusa da shi.

Baba ya dawo daga dawam, wato wurin aiki, tun kafin azahar, abin da bai taɓa yi ba. A unguwar Ulaya ta nan Riyad yake aiki, a ɗakin gwajin wani kamfanin ruwan sha. Bai yi kuka ba. Ya cire takalmi, ya wuce kicin, ya kwance matatar ruwa ya wanke ta tas, alhali ranar Juma'a ya wanke ta. Da ya gama ya ce, "A gyara majalisi. Za mu zauna kwana uku."

Umma ta bi shi da kallo. Shekara ashirin da ɗaya ke nan bai ambaci gwaggon nan tasa ba, ko da a mafarki.

Bayan magariba mutane suka fara zuwa, domin a nan Riyad sai an tashi daga aiki ake samun sukunin gaisuwa. Maza a majalisi, wato ɗakin baƙi, mata a falo, ni kuma a tsakani da butar gahawa da farantin dabino, kunne ɗaya nan, ɗaya can. Duk unguwarmu ta Utaiƙa an ji cewa gwaggon Baba ta rasu. Abin da ba a ji ba shi ne wace ce gwaggon.

Kawu direba, aminin Baba mai jan motar wani Balarabe, shi ya fara isowa. Ya zauna, ya gyara murya, ya ce, "An kai ta?"

Baba ya ce, "Sai jibi. Za a yi mata addu'a a coci tukuna."

"A ina?"

"A coci."

Kawu direba ya ɗebi dabino uku ya zuba a baki lokaci guda, don kada a sa ran wata magana daga gare shi.

A falo kuma Hajiyar bene na biyu ce take tambaya. "Ta bar 'ya'ya nawa?"

Umma ta ce, "Ba ta yi aure ba, Hajiya. Sistar coci ce, irin masu farin lulluɓin nan da suke barin aure su ba da rayuwarsu ga ibada. Kuma farfesa ce ta kemistiri."

"Ikon Allah! Ba miji, ba ɗa, sai boko?"

"Ɗa kam akwai," in ji Umma. "Ga shi can a majalisi."

Wanda ya warware wa maza harshe wani ɗalibi ne ɗan Nijar da ke karatun fiƙihu a jami'a, wanda yakan ja mu salla idan liman ya yi tafiya. Ya tambayi Baba yadda suke da ita. Baba ya ce, yana kallon kafet, "Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Ita take kai ni masallaci." Sai ɗalibin ya ce, "Wadda ta riƙe maraya, lamarinta yana wurin Wanda ya san komai. Namu shi ne mu ba ka haƙuri, mu kuma shaida alherin da ta yi maka. Allah ya ba ka haƙuri." Nan take majalisi ya ɗauka, kowa ya samu abin faɗa. Kawu direba ya haɗiye dabinonsa ya faɗa har sau biyu.

Ni kaɗai ce a gidan nan haƙuri bai kama ba, domin ban da baƙin ciki akwai tsoro a cikina. Shekara biyu ina yi wa Gwaggo Sista ƙarya duk ranar Asabar. Ta rasu ban gyara ba. Kuma ƙaryar da sunan Baba na yi ta, shi kuwa bai sani ba. Zan zo kan wannan, amma sai an san ko wace ce aka yi wa ƙaryar, sannan a gane girman laifina.

Ita da kakana uwa ɗaya uba ɗaya suke, daga wani ƙauye a kudancin ƙasar Katsina, irin gidajen da idan an tashi da safe wani ya nufi masallaci, wani ya nufi coci, a dawo a ci tuwo a kwano ɗaya. Kakana musulmi ne. Ita makarantar mishan ta yi, ta shiga gidan Sistoci tun tana budurwa. Da manyanta suka ga yadda kanta yake ja, suka tura ta karatun kemistiri, har ƙasar waje. Ta dawo ta kama koyarwa a wata jami'a a Arewa. Ta yi shugabar sashe, ta yi shugabar tsangayar kimiyya, har ta kai mataimakiyar shugaban jami'a, duk da takalmin roba iri ɗaya da farin lulluɓi da ƙaramin gicciye a wuya.

Baba yana da shekara tara kakana ya rasu. Ta je ƙauye ta ɗauko shi. Ta sa shi makarantar kwana, hutu kuma a wurinta, a gidan malamai. Umma ce ta ba ni wannan labarin, ita ma a bakin dangi ta tsinta. Wai duk Juma'a Gwaggo takan saka shi a tsohuwar Bokswajarta ta kai shi masallaci, ta faka a gindin dalbejiya tana makin takardun ɗalibai har a sallame. Idan ya dawo sai ta ce, "A kan me aka yi huɗuba?" Idan ya fara sosa ƙeya ta ce, "Koma ka tambayi liman. Ban ƙona mai don ka je ka yi gyangyaɗi ba." Wani Fada na cocinsu ya taɓa yi mata tsiya, wai ga yaro a hannunta ta kasa jawo shi. Ta ce, "Amana yayana ya bar mini, ba ganima ba."

A rana ta biyu ta zaman makoki wani mutum ya zo daga unguwar Nasiriya, mai harhaɗa magunguna a wani asibiti. Ba mu san shi ba. A waya ya ga sanarwar, a zauren tsofaffin ɗalibai, ya yi ta tambaya har aka kwatanta masa gidanmu. Tun daga ƙofa yake share ido. Ya ce shi ɗalibinta ne, kuma har yau idan ya ɗauki fensir gabansa faɗuwa yake yi.

Kawu direba ya ce, "Fensir kuma, Dakta?"

Sai ya ba su labarin dokar littafi. Duk ɗalibin da zai shiga ɗakin gwajinta sai ya zo da littafi mai ɗinki, ya zauna a gabanta ya sa wa kowane shafi lamba, daga farko har ƙarshe. Da biro ake rubutu. Ba fensir, ba magogi, ba yage shafi. Idan ka yi kuskure, layi ɗaya za ka ja a kai yadda za a iya karanta kuskuren, ka rubuta daidai a gefe, ka sa hannu. Abin da ka auna da kanka ka rubuta an tabbatar. Abin da aka gaya maka ka rubuta wanda ya faɗa, ka ƙara da ba a tabbatar ba. Aikinta a kan ruwan rijiyoyin ƙauye ne, saboda haka idan ɗalibi ya yi wasa da lamba sai ta ɗaga littafin sama ta ce, "Mutane za su sha lambar nan. Kai za ka sha?"

"Akwai shekarar da masu tantance kwasa-kwasai za su zo daga sama," in ji Dakta, yana dariya yana hawaye. "Hukuma ta aika aka aro na'urori daga wata makaranta, aka jera mana su, aka goge, har da fure a tebur. Baƙi suka shigo, shugaban jami'a yana gaba yana murmushi. Babbansu ya ce, kai, tsangayar nan ta wadata. Sai Sista ta ce, ranka ya daɗe, wannan guda ɗayan namu ne. Waɗancan shidan ranar Alhamis za su koma gida."

Majalisi ya fashe. Har ɗalibin Nijar sai da ya rufe baki da gefen rawaninsa.

Kawu direba ya ce, "Me aka yi mata?"

"Aka sauke ta daga kujerar shugabancin tsangaya. Ta kwashe littattafanta a kwali ta koma aji, ko a jikinta. Bayan 'yan shekaru malamai suka sake zaɓarta. Suka ce gara wadda za ta kunyata su a gaban baƙi da wanda zai sayar da su a bayan ido."

Baba bai yi dariya ba. Ya san dokar littafin fiye da kowa a ɗakin, domin dokar ce ta raba shi da Gwaggo.

Ga yadda aka yi. Baba ma kemistiri ya karanta, a sashenta. A shekararsa ta ƙarshe aka ba shi aikin auna ruwan rijiyoyi goma sha biyu. Ya je goma sha ɗaya. Ta ƙarshen tana wani ƙauye mai nisa, ga damina, ga hanya ta lalace, ga lokaci ya ƙure. Sai ya dubi lambobin sauran, ya ƙago wata mai kama da su ya rubuta, ya ƙara da an tabbatar a gefenta. Ba ita ke duba aikinsa ba, amma ita ce shugabar sashe, kuma ba ta sa hannu a abin da ba ta karanta ba. Ta ga lambar ta yi kyau fiye da kima. Ta hau Bokswaja, ta tafi har inda mota ta tsaya, ta ƙarasa da ƙafa. Ta tarar rijiyar ta rufta tun bara, har kabewa ta yaɗu a kanta.

Da hannunta ta kai shi gaban kwamitin ladabtarwa. Wani malami ya ce, "Sista, ai ɗanki ne, a kashe maganar a cikin gida." Ta ce, a gaban kowa, Baba yana tsaye, "A nan ba ni da ɗa. Ɗalibi nake da shi." Aka sa ya maimaita shekara. Ya maimaita, ya je rijiyoyin duka, ya karɓi takardarsa, amma bai sake taka gidanta ba. Umma ta ce ba hukuncin ne ya ƙona shi ba, waccan maganar ce. Da ya samu hanyar Saudiyya ya taho ko sallama bai yi mata ba. Abin dariyar shi ne, a wurin aikinsa an san shi da cewa ba ya sa hannu a awon da bai yi da kansa ba, ko mudir, shugaban wurin, zai yi ta ihun yalla yalla, a yi sauri, har muryarsa ta dushe. Ko tankin ruwan gidan hayarmu bai tsira ba. Duk mako sai ya hau rufi ya ɗebi ruwa a kwalba ya duba.

Ni a nan aka haife ni. Larabcina ya fi Hausata, kemistirina kuma ya fi kowanne lalacewa. Shekara biyu da suka wuce na kawo sakamakon da malamarmu ta ce tun da aka gina makarantar ba a ga irinsa ba. Baba ya gwada koya mini, muka yi kwana biyu, kowa ya yi fushi. Sai Umma ta ja ni kicin, ta nuna mini wata lamba a wayarta da ta ɓoye da sunan mai ɗinki. Ta ce, "Kakarki ce. Ta yi ritaya, tana gidan Sistoci. Ki riƙa kiranta ranar Asabar bayan la'asar, lokacin Babanki yana barci. Ki hau rufi."

Haka na fara. Ina raɓe a inuwar tanki, zafi yana soya mini ƙafa, ga wata tsohuwa a waya da tabarau a kan hanci da littafi a gabanta. Na yi mata sallama da Larabci. Ta ce, "Da Hausa, 'yar nan. Larabcinki ki ajiye wa masu shi."

Na ce, "Gwaggo, yau zafin Riyad ya kai ɗari."

"A wane ma'auni?"

"A ma'aunin jikina."

"To, an samu sabuwar na'ura. Ɗalibai nawa ne a ajinku?"

"Mun kai ɗari uku."

"Talatin ke nan. Na gane ki. Daga yau sunanki Sau-Goma."

Ta koya mini kemistiri da abin da ke kicin ɗin Umma: kanwa, tsamiya, lemon tsami, ruwan zoɓo da ke sauya launi. Ta sa na sayi littafi mai ɗinki na sa wa shafuka lamba. Idan na yi daidai ba ta yabo, sai ta ce, "Ci gaba." Idan na yi shirme sai ta cire tabarau ta goge, ta ce, "Sake faɗa, wataƙila kunnena ne ya tsufa." Na taɓa tambayarta yadda aka yi mai ibada ta ƙare a cikin kwalabe. Ta ce, "Wanda ya yi ruwan bai yi ƙarya a cikinsa ba. Ni karantawa kawai nake yi." Wani lokaci ana kiran magariba muna tsakiyar lissafi, sai ta ce, "Tashi ki yi salla, lambobin ba za su gudu ba."

A Asabar ta uku ne na jawo wa kaina. Mun gama darasi, tana rufe biro, sai ta ce, kamar ba da gangan ba, "Maigidan yana lafiya?" Ba ta kalle ni ba. Hannunta kawai na gani yana gyara littafin da yake a gyare. Tausayinta ya kama ni, bakina kuma bai taɓa jiran izinina ba. Na ce, "Lafiya lau. Yana gaishe ki."

Ta ɗago kai. Sannan ta buɗe biron ta ce, "To. Na rubuta."

Da na tsaya a nan da sauƙi. Amma mako na gaba sai ta ce, "Me ya ce daidai? Faɗi kalmominsa." Wanda ya san ni ya san an buɗe mini ƙofa. Na ce, "Ya ce yana kewar miyar kukarki."

"Ban taɓa iya miyar kuka ba. Amma to, na rubuta."

Wani makon na ce, "Ya ce duk lokacin da ya ga Bokswaja a titi sai ya yi hawaye."

"Akwai Bokswaja a Riyad?"

"Cike da titi, Gwaggo. Har cunkoso suke haɗawa."

"To. Na rubuta."

Kullum haka. Ba ta taɓa cewa tana amsawa ba, ba ta taɓa cewa in gaishe shi ba. "Na rubuta" kawai take cewa. Ni kuma na ɗauka halin farfesoshi ne.

Bana ciwon daji ya kwantar da ita. Ta rame har lulluɓin ya yi mata yawa. Wata ƙaramar Sista mai jinyarta ce take riƙe mata wayar. Wani lokaci tana tsakiyar bayani sai ta rufe ido ta cije leɓe, mu jira, sannan ta ce, "Ina muka tsaya?" Shi ya sa da Umma ta ce ta huta, ban ji haushi ba. Na ga abin da ta huta daga gare shi. A Asabar uku na ƙarshe ba mu yi darasi ba, hira kawai. Da na ce Baba yana gaishe ta, sai ta ce, "Ina amsawa." Na ɗauka ciwo ne ya sa ta manta da biro.

Sai da ta rasu abin ya sauko mini a ka. Matar da ta rasa kujera saboda ta ƙi yin shiru a kan na'urar aro, matar da ta rasa ɗa saboda lamba ɗaya, ita na yi shekara biyu ina ɗura wa ƙagaggen sakamako. Kuma ta tafi da shi a matsayin gaskiya. Ina zuba wa baƙi gahawa ina jin kamar ni ce rijiyar da kabewa ta rufe.

A ranar da Dakta ya zo, bayan ya tafi, ƙaramar Sistar ta kira. Umma ta sa wayar a fili, Baba yana zaune. Bayan gaisuwa ta ce, "Ranka ya daɗe, Mama Farfesa ta bar saƙo. Akwai littafin da take kira na Asabar, ta ce a ba ka kai da yarinyar. Kafin a samu mai zuwa zan ɗauki hoton shafukan in turo gobe. Duk gaisuwar da kake aiko mata tana ciki, ba ta bar ko ɗaya ba."

Umma ta juyo ta kalle ni. Baba ya ce, "To, mun gode, Sista," bai kalli kowa ba.

Na yi tunanin shiga motar dabino a kasuwar Utaiƙa in bi ta duk inda ta nufa. Na yi tunanin jefa wayar Baba a tanki. Na tuna zai gano a awon mako. Umma ta titsiye ni a kicin ta ce, "Wace gaisuwa?" Na gaya mata. Ta riƙe haɓa ta ce, "Ni na ce ki koyi kemistiri, ban ce ki buɗe gidan waya ba. Ki shirya, ba ruwana."

Washegari bayan la'asar, kafin baƙi su fara zuwa, Baba ya leƙo ɗakina da kwalbarsa a hannu. Ya ce, "Zo mu duba tanki."

Na bi shi kamar akuyar Layya. Muka hau. Ya tsaya daidai inda nake raɓewa, ya miƙo mini wayarsa. "Karanta mini. Na bar tabarau a ƙasa." Ga tabarau ina gani a aljihun rigarsa.

Rubutunta ne, ƙanana, a tsaye kamar sojoji, kowane shafi da lambarsa. Da Hausa ta yi shi. Sama darasin ranar ne, da kurakuraina, an ja wa kowanne layi ɗaya. A ƙasa kuma na karanta:

"Gaisuwa daga ɗan yayana. Majiya: yarinyar. Ba a tabbatar ba."

Na buɗe na gaba. "Wai yana kewar miyar kukata. Majiya: yarinyar. Ba a tabbatar ba. Da wuya."

Na gaba. "Wai yana kuka idan ya ga Bokswaja. Majiya: yarinyar. Ba a tabbatar ba. Yarinyar tana da kirki."

Shafi bayan shafi, kusan ɗari, kuma wannan ba ƙari ba ne. Ko sau ɗaya ban ruɗe ta ba. Wani abu mai nauyi ya sauka daga ƙirjina. Ba ta tafi da ƙaryata ba. Ta ajiye ta ne a inda ake ajiye irinta.

Na ce, "Baba, wallahi ni na ƙaga. Duka. Ba ka ce komai ba."

"Na sani. Ci gaba."

Saura shafi huɗu, rubutun ya fara karkacewa. Wannan ba ranar Asabar ba ce, ta rubuta Lahadi a sama. Babu darasi. Layi uku ne kawai.

"Gaisuwa daga ɗana. Na ji da kunnena. Minti huɗu, uku daga ciki shiru. An tabbatar."

A ƙasa ta ƙara: "A raba maganar yarinyar da goma. Abin da ya rage gaskiya ne."

Na ɗago na kalli Baba. Yana kallon rufin maƙwabta, inda babu abin kallo sai dish da igiyar shanya.

Ya ce, "Kin ɗauka barci nake yi? Tun bara na hawo duba tanki na ji ki. Ina tsaye a bayan ƙofar nan. Na ji wai ina kuka saboda mota." Ya ja numfashi. "Kullum sai in ce mako mai zuwa zan hana ki, sai in dawo in tsaya in ji muryarta. Ranar da na ji muryar ta koma kamar zare, na ce ga 'yata tana rubuta lambar rijiyar da ban je ba. Laifin da na yi ne, ke kike maimaita mini shi. Washegari a wurin aiki na shiga mota na kulle, na kira."

Na ce, "Me ka ce mata a minti ɗayan?"

"Na ce, Gwaggo, ni ne. Rijiyar nan ban je ba."

"Ita fa?"

"Ta ce, na sani. Ka ci abinci?"

Nan ne ya yi kukan da bai yi ba tun Talata. Ba mai yawa ba, na mutum mai tsoron kada maƙwabta su ji. Ni ma na taya shi. Da muka gama ya share fuska da hannun riga, ya buɗe murfin tanki, ya ɗebi ruwa a kwalba, ya ɗaga ta saitin rana yana dubawa. Yana cikin dubawar sai kafaɗunsa suka fara rawa. Na ɗauka kukan ne ya dawo, ashe dariya ce.

"Miyar kuka," ya ce. "Duk ƙaryar da ke duniya ki rasa wadda za ki yi sai miyar kuka. Matar da ko ruwan zafi ta dafa sai ya kama."

Da yamma, da majalisi ya cika, Baba da bakinsa ya ba da labarin Bokswaja da huɗuba, har da na rijiyar, bai rage komai ba. Kawu direba ya ce, "Kai, wannan mata da a nan take, da kafilai, iyayen gidanmu na aiki, sun shiga uku."

Na rubuta wannan da biro, a littafi mai ɗinki, kowane shafi da lambarsa, don kada a manta da ita a gidan da ta yi shekara ashirin da ɗaya ba a ambace ta ba. Da farko na sa mutum dubu ne suka zo mana gaisuwa. Na ja layi ɗaya a kai, na sa hannu. Arba'in da uku ne, na ƙirga da kofunan gahawa.

Gobe Asabar. Na san bayan la'asar ƙafata za ta kai ni rufi ko ban aike ta ba. Gwaggo Sista, muna kewarki, ni da ɗanki. Wannan ɗin kada a raba shi da komai.